Daga Boxer zuwa KTM: Yadda kuɗin talla da kwantiragi ke sauya wa zakarun tseren babura gida

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni, ta ratsa Badagishiri ta nufi Tawa, ya san babur ba kayan wasa ba ne a wannan yanki. Shi ke ɗauko buhun albasa daga gona, shi ke kai mara lafiya asibiti, kuma da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da iyali. Cikin baburan da ake gani a nan da kuma tsallaken iyaka a Illelar Sakkwato akwai Boxer, na kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya.

Wannan kamfani na Bajaj shi ne a 2025 ya ceto KTM na ƙasar Austriya, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera baburan tsere a duniya, bayan bashi ya kusa durƙusar da shi. Ceton ya zo a lokacin da manyan 'yan tseren motokuros ke ta sauya sheƙa, kuma a irin wannan sauyi kuɗin talla da sharuɗɗan kwantiragi na da nauyi kamar ƙarfin inji.

Motokuros tsere ne a kan turɓaya da taɓo da tudun ƙasa da ake tsallakewa. A Amurka akwai nau'insa da ake yi cikin filin wasa mai suna Supercross, gasar duniya kuma ita ce MXGP.

Rikicin hular kwano

Babban ɗan tsere ba ya da ubangida ɗaya. Kamfanin babur na biyansa albashi da ladan nasara, mai riga da takalmi na biyansa nasa, haka ma mai lemon ƙara kuzari da ke son tambarinsa a kan hular kwano. Matsalar na tasowa idan ubangidan ƙungiya da na ɗan tseren abokan hamayya ne a kasuwa.

A Amurka, Monster Energy ke ɗaukar nauyin ƙungiyar Kawasaki da ta Star Racing Yamaha, Red Bull kuma ta KTM. Ɗan tsere ba zai shiga ɗayansu da tambarin ɗayan a kansa ba.

Chase Sexton ya ci kambin Supercross na 2023 a kan Honda da hular Monster. Da ya koma KTM a 2024 sai hular ta koma ta Red Bull, kuma a shekarar ya ci gasar motokuros ta Amurka. A kakar 2026 ya tafi Kawasaki, wato ya dawo hannun Monster. Eli Tomac kuma, wanda ya shafe shekaru da Monster tun daga Kawasaki har zuwa Yamaha, ya koma KTM da Red Bull. Saboda haka duk cinikin sauya ƙungiya ciniki ne da kamfanoni biyu ko uku a lokaci guda, kuma ɗaya ya ƙi amincewa, magana ta tsaya.

McGrath da Roczen: an rabu a kan sharaɗi

Wannan ba sabon abu ba ne. Jeremy McGrath ya ci kambin Supercross sau huɗu a jere da Honda, daga 1993 zuwa 1996, kuma a shekarar ƙarshe ya lashe tsere 14 cikin 15. Duk da haka suka raba gari, saboda saɓani kan sharuɗɗan da suka shafi kayan da zai sa da abin da aka yarda ya yi a wajen fili. Ya koma Suzuki a 1997, kambin ya suɓuce masa zuwa hannun Jeff Emig na Kawasaki. Sai da ya hau Yamaha ya sake cin uku a jere, daga 1998 zuwa 2000.

Bayan shekara 26 aka maimaita da Ken Roczen, ɗan ƙasar Jamus. A 2022 an ƙirƙiro wata sabuwar gasar Supercross ta duniya, Roczen kuma ya ɗauki alƙawarin shiga. Honda ta Amurka ta yi masa tayin sabon kwantiragi da sharaɗin kada ya shiga. Bai amince ba, tayin ya tashi.

Roczen ya je Cardiff da Melbourne a watan Oktoba ya ci wannan gasa, sannan a Disamba ya sa hannu da HEP Suzuki, ƙungiyar da ba ta kai Honda ƙarfin aljihu ba. Babur ɗin da ya hau ma ba shi da maɓallin tayarwa, sai an buga masa ƙafa kamar yadda direban Boxer ke yi. A watan Maris na 2023 ya yi nasara a Indianapolis, karon farko da Suzuki ya ci babban tseren Supercross tun 2016.

Lokacin da uwar ɗaki ta talauce

Mutanen Nijar ba baƙin sunan KTM ba ne, domin shi ne ya ci rukunin babura na gasar Dakar sau 18 a jere daga 2001 zuwa 2019, gasar da a da take ratsa Agadas da hamadar Tenere.

A ƙarshen Nuwamban 2024 kamfanin ya kai kansa kotu yana neman a sake masa tsarin biyan bashi. A Fabrairun 2025 masu binsa suka yarda su karɓi kashi 30 cikin 100, kimanin Yuro miliyan 600, kafin 23 ga Mayu. Bajaj, wanda ya fara sayen hannun jari a KTM tun 2007, shi ya samar da kuɗin, daga bisani kuma ragamar kamfanin ta koma hannunsa.

KTM ne ke da Husqvarna da GasGas, don haka girgizar ta taɓa ƙungiyoyi da dama. Ƙungiyar Troy Lee Designs da ke tsere da GasGas a Amurka ta koma Ducati, kamfanin Italiya da ya shigo motokuros kwanan nan, kamar yadda Triumph na Ingila ya shigo a 2024. Sababbin masu saye a kasuwa kan ba ɗan tsere ƙarfin taya kansa da tsada.

A gasar duniya ma an ga sauyin da ba a saba gani ba. Jeffrey Herlings na Holan, wanda ya ci kambin duniya biyar duk a kan KTM, ya koma Honda a kakar 2026. Tim Gajser na Sloveniya, shi ma mai kambi biyar duk da Honda, ya tafi Yamaha.

Me ya sa suke ja da ƙarfi?

Amsar tana jikinsu. A Janairun 2017 Roczen ya faɗi a Anaheim, aka yi wa hannunsa na hagu tiyata fiye da goma. A Mayun 2023 Tomac na kan gaba a gasar, saura tsere ɗaya bayan na Denver, jijiyar agararsa ta tsinke, kambin ya koma hannun Sexton. Wanda sana'arsa ke iya ƙarewa a tsalle ɗaya ba ya sakaci da tsawon kwantiragi ko 'yancin neman kuɗi a wata gasa. Kamfani kuma da ya zuba miliyoyi ba ya son ɗan tserensa ya je ya karye a gasar da ba ta sayar masa da babur ko ɗaya.

Ɗan kabu-kabun da ke tuƙa babur ɗin wani a Malbaza ko Badagishiri ya san irin wannan lissafi: nawa zai kai wa mai babur a rana, wa zai biya bakanike, kuma wa zai ɗauki kuɗin magani idan aka yi haɗari. Tambayoyin da lauyoyin Roczen da Herlings ke tattaunawa ke nan, sai dai nasu da Dala da Yuro ake yi, a rubuce, kafin a hau babur.