Moto mai sarƙa ko mai bel: wace ce ta dace da hanyar garinku?

Jama'a masu saurare, da ƴan uwa na Abijan, Libiya da Kano masu aiko kuɗi gida a sayi moto, kafin a biya sai a duba abin da ke juya tayar baya: sarƙa ce ko bel?

Bel ɗamara ce ta roba mai ƙarfi, a rufe take cikin murfi, a kan ƙananan motoci marasa canjin giya da ake gani a Yamai da Maraɗi. Ba ta son mai, ba ta da ƙara, ba ta ɓata tufafi. A kan kwalta, madalla. Amma zafi da kaya masu nauyi suna cinye ta, kuma in ta tsinke ba ta ɗinkuwa, sai sabuwa. Ka ga wanda ya ɗauko mai naƙuda da dare zuwa likita, bel ta tsinke masa a daji, ina zai sa kansa?

Sarƙa kuwa ta fi son kulawa, amma in ta tsinke, makaniken kasuwar ƙauye zai haɗa ta nan take. Shi ya sa ƴan kabu-kabu da masu ɗaukar buhunan hatsi suka riƙe ta.

Sai maganar haƙora. Sarƙa tana tafiya kan faifai biyu, ƙarami a gaba, babba a baya. A ce na gaba haƙora 14 ne, na baya 42: ƙaramin zai juya sau 3 kafin taya ta juya sau 1. In aka sa mai 15 a gaba, moto za ta ƙara gudu, inji ya huta a doguwar kwalta, irin ta Maraɗi zuwa Damagaram, amma ƙarfin ja ya ragu. In aka ƙara haƙoran baya, sai ta ja kaya cikin rairayi, gudu ya ragu, mai ya ƙaru a doguwar tafiya. Haƙori 1 a gaba kusan daidai yake da 3 a baya, saboda haka kada a canza da yawa lokaci guda.

Rairayi shi ne maƙiyin sarƙa. In ya haɗu da mai, sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa. A wanke ta da kananzir, a sa mai kaɗan, a goge sauran. Kada a ɗaure ta tamau, a bar ta tana motsi kamar santimita 2 zuwa 3. In haƙora sun yi tsini, a canza sarƙa da faifan biyu tare, domin tsohon faifai yana kashe sabuwar sarƙa.

To, mai zaman birni, bel ta ishe shi. Wanda hanyarsa rairayi ce da kaya, ya riƙe sarƙa. Ɗan uwa na waje, kafin ka aiko kuɗi, tambayi na gida wace hanya za su bi da ita. Allah ya kiyaye hanya.