Dafin Tururuwa: Yadda Ƙirarsa Take da Abin da Zai Iya Yi wa Manomanmu

Kamar sauran sassan Jihar Kano, akasarin mazauna ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo manoma ne, masu noma dawa da gero da masara da gyaɗa da wake. Kowace damina wani kaso mai tsoka na kuɗin manomi yana tafiya ne wajen sayen maganin feshi, kuma duk da haka ƙwari ba su daina ɓarna ba. A shekarar 2016 aka fara ganin tsutsar nan mai cinye kan masara a Nijeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wakenmu saboda yawan burbushin maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Wannan ne ya sa masana ke neman magungunan da za su kashe ƙwaro ba tare da sun cutar da mutum ba, kuma ɗaya daga cikin wuraren da suke dubawa shi ne dafin tururuwa. A nan za mu yi bayanin abin da aka gano, domin wayar da kan jama'a.

Iri-iren dafin

Tururuwa da danginta, irin su cinnaka da gwano da shazumami da ƙwarƙwasa, sun haura iri 13,000 a duniya, kuma dafinsu ba ɗaya ba ne. Kowane sinadari an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kuma yadda suka jeru shi ke nuna aikin da zai yi. Za mu iya kasa dafin gida uku.

Na farko shi ne fomik asid, wanda ya fi kowane sauƙin ƙira: ƙwayar kabon ɗaya, oksijin biyu da haidurojin biyu. Irin tururuwan da ba su da ƙari su ke fesa shi. Tun a ƙarni na 17 aka tato shi daga jikin tururuwa a Ingila, kuma a yau masu kiwon zuma a ƙasashe da dama suna amfani da shi wajen kashe wata 'yar kaska da ke addabar ƙudan zuma.

Na biyu shi ne solenofsin, wanda ake samu a jikin jar tururuwa mai zafin harbi ta Kudancin Amurka. Ƙirarsa kamar zobe ce mai ƙwayoyi shida, kabon biyar da naiturojin ɗaya, da doguwar jela mai kabon 11 ko 13 ko 15. Jelar nan mai son maiƙo ce, shi ya sa take kutsawa cikin fatar ƙwayoyin halitta. Yana kashe ƙwari da wasu ƙwayoyin cuta.

Na uku, wanda masana suka fi sa wa ido, shi ne gajerun sarƙoƙin furotin da ake kira feftayid. Ana jera su ne da amino asid kamar yadda ake jera duwatsun wuya a zare, sannan sarƙar ta murɗe ta ɗauki wata siffa ta musamman. A 2001 an bayyana iri 15 na waɗannan sarƙoƙi, masu suna fonerisin, daga wata tururuwa ta Kudancin Amurka. Suna murɗewa kamar igiya, gefe ɗaya na son ruwa, ɗayan na son maiƙo, ta haka suke huda fatar ƙwayar halitta.

Yadda yake kashe ƙwaro

Sarƙar da ta fi shahara ita ce foneratoksin, daga tururuwar Paraponera clavata, wadda harbinta ke cikin mafi raɗaɗi a duniyar ƙwari. Amino asid ɗinta ba su kai 30 ba. A jikin jijiyar akasarin dabbobi akwai ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam ke bi, suna buɗewa su rufe nan take domin isar da saƙo. Foneratoksin yana hana ƙofar rufewa, sai jijiyar ta yi ta aika saƙo babu tsayawa har ƙwaron ya sandare. A 2004 masana a ƙasar Folan sun dasa umarnin haɗa wannan dafi a cikin wata ƙwayar cuta da ke kama ƙwari kaɗai, suka gwada ta a kan irin tsutsar nan da ke cin masararmu, kuma ta fi ta asali saurin kashe ta.

Sai dai Hausawa sun ce cinnaka ba ta san na gida ba. Ƙofofin sodiyam suna jikin mutum da dabbobin gida da ƙudan zuma. Hasali ma, wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa dafin wata tururuwar Afirka, Tetramorium africanum, jijiyoyin dabbobi masu ƙashin baya yake kamawa. Saboda haka sanin ƙirar kowace sarƙa ya zama wajibi, domin da shi ne za a ware wadda ta dace da ƙofar jijiyar ƙwaro kawai, kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwaɗo ɗaya.

Matsayin da ake ciki

Har yanzu dafin tururuwa yana matakin bincike. Abin da tururuwa ɗaya ke fitarwa bai taka kara ya karya ba, don haka dole a haɗa shi a masana'anta. Bugu da ƙari, zafin rana da ruwan cikin ƙwaro suna iya lalata sarƙar kafin ta kai ga jijiya. Amma an riga an ga hanya, domin a 2014 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi rajistar wani maganin ƙwari da aka samo daga sarƙar dafin gizo-gizon Ostareliya.

Abin da manomi zai yi yanzu

Ita kanta tururuwar mai rai tana aiki a gona. Tun a shekarar 304 aka rubuta yadda manoman lemo a Sin ke rataya gidajen tururuwa mai ɗinke ganye a bishiyoyinsu, kuma bincike a Jamhuriyar Benin ya tabbatar da cewa 'yar'uwarta ta Afirka tana rage ɓarnar ƙudan da ke huda mangwaro. A nan gida kuwa, kowa ya san yadda gwano ke fita a jere domin farautar gara. Ba kowace tururuwa ce abokiyar manomi ba, wasu na kwasar hatsi, wasu na raino darɓa, saboda haka ya kamata a tantance kafin a yi feshi.

Muna kira ga manoman Gwarzo da Kabo da su riƙa tuntuɓar malaman gona na hukumar KNARDA kafin su sayi magani, su duba lambar rajistar NAFDAC a jikin kowace kwalba, su kuma adana wake a buhu mai hawa uku maimakon zuba masa fiya-fiya. Kada kowa ya yi ƙoƙarin haɗa magani da tururuwa a gida, domin harbinta yakan jawo wa wasu mutane kumburi da sarƙewar numfashi, wanda ke buƙatar a garzaya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.