Kifin Teku a Falon Maiduguri: A Auna Gishiri Kafin a Yi Asara

Mutumin Maiduguri ya san kifi. Tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, duk ya taso yana ganinsu a kasuwar kifi ta hanyar Baga. Sai dai dukkansu na ruwan daɗi ne, domin Tafkin Chadi, ko da yake ba ya kwarara zuwa teku, ruwansa ba na gishiri ba ne. Shi ya sa wanda ya sayo kifin ado na teku ya zuba a akwatin gilashi yakan ɗauka ruwa duk ruwa ne. Daga nan asara take farawa.

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma a kan haka aka gina jikin kifin. Shan ruwan yake yi, yana fitar da rarar gishirin ta inda yake numfashi. Ka sa shi a ruwan famfo, ruwa ya riƙa shiga jikinsa fiye da ƙima har ya mutu. Gishiri ya yi yawa kuma, jikin ne zai tsotse.

Babban haɗarin a garinmu shi ne zafi. A watan Afrilu yakan haura maki 40, da hunturu kuma iska a bushe take. Ruwa yana bin iska, gishiri yana nan zaune. Ɗauki akwati mai lita 100 da gishiri kilo uku da rabi. Idan lita 10 ta ƙafe, kowace lita ta koma kusan giram 39, alhali ba wanda ya ƙara ko cokali ɗaya. Mai gida ya ga ruwa ya ja baya, sai ya haɗa sabon ruwan gishiri ya cika, yana ganin gyara ya yi. Kuskure ne. Abin da ya ƙafe da tsurar ruwa ake mayar da shi, tatacce, marar kulorin, kaɗan-kaɗan kullum. Ruwan gishiri sai in ka kwashe wani da hannunka za ka musanya.

Gishirin miya ba ya wannan aiki. Akwai na musamman da aka haɗa da sauran sinadaran teku. Kanwa kuwa, a bar ta a madafa.

Harshe ma ba ma'auni ba ne. Akwai ƙaramar na'ura da ake ɗiga wa ruwa ta nuna ƙarfin gishiri, ga kuma injin iska da ba ya son ɗaukewar wuta, mu kuwa mun san halin lantarkinmu. Wanda ba zai iya ɗawainiyar ba, ya tsaya ga kifin ado na ruwan daɗi, akwai masu kyau. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai sayarwa: na teku ne ko na ruwan daɗi?