Cin Abinci a Waje, Ado da Gyaran Jiki a Ƙasar Hawandawaki

Hawandawaki ƙaramar hukuma ce ta karkara da ke kudancin gundumar Tasawa a jihar Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya, kuma mutanenta Hausawa ne manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, waɗanda suka yi tarayya a al'adu da maƙwabtansu na Korgom da Tasawa har zuwa ƙasar Mayahi. A manyan biranen kudu maso gabashin Asiya an keɓe wa cin abinci da kallon zane da tausar jiki gine-gine na musamman, har hukumar UNESCO ta sanya tausar gargajiya ta Tailan cikin gadon al'adun duniya a 2019, ta kuma ƙara da al'adar rumfunan abinci ta Singafo a 2020. A ƙasar Tasawa waɗannan abubuwa uku duk suna nan, sai dai a hannun mutane suke, wato mahauci da baduku da wanzami da mai lalle, waɗanda galibinsu gadon sana'ar suka yi, kuma ranar kasuwa da lokacin biki ne ke tsara yadda ake zuwa wurinsu.

Cin abinci a wajen gida iri biyu ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Na farko shi ne ciyayya, wato al'adar da magidanta maƙwabtan juna ke zama a ƙofar gidan babbansu bayan sallar magariba ko ta lisha, kowa a fito masa da kwanon tuwo daga gidansa, a ci ɗaya bayan ɗaya har a ƙare, kuma duk baƙon da dare ya riska yana da hakkin sa hannu ba tare da an tambaye shi inda ya fito ba. Wannan ci ne na mutunci, domin yana rufa asirin wanda rumbunsa ya yi ƙasa a lokacin bazara, tun da ba a sanar da wanda kwanonsa bai fito ba. Na biyu shi ne cin kasuwa, wanda kunya ta kewaye shi: dattijo ba ya tsayawa a bakin hanya yana tauna, suruki ba ya ci a gaban surukinsa, matar aure kuwa aike take yi a sayo mata. Saboda haka matafiya da samari da fatake su ne ainihin masu cin kasuwa, yayin da matan da ke cikin gida su ne masu dafa yawancin abin da ake sayarwa, irin su waina da ƙosai da awara da dambu da kwaɗon zogale, suna ɗora wa 'ya'yansu mata talla, abin da ke kawo wa uwa kuɗin kayan ɗaki amma yake hana yarinya da yawa zaman aji.

Cinikin dafaffen abinci ya daɗe a wannan ƙasa, domin matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851 a kan hanyarsa daga Agadas zuwa Katsina da Kano, ya tarar da gari mai kasuwa da hada-hadar abinci. Abin da ya fi ɗaukaka sunan Tasawa a yau shi ne kilishi, wanda matafiya kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ke tsayawa su saya tsaraba. Mahauci yakan zaɓi tsokar cinya marar kitse, ya zauna da wuƙa mai kaifi yana buɗe ta a hankali kamar mai warware rawani, har ta zama fale-fale mai faɗi da ake iya hango haske ta cikinta, sannan ya shanya ta a kan gadon kara. Idan ta bushe sai a tsoma ta cikin labu, wato kwaɓin tunkuzar gyaɗa da aka haɗa da citta da kanumfari da masoro da barkono da gishiri, a sake shanyawa, a ƙarshe a gasa ta sama-sama a kan garwashi. A Nijar an san iri uku: ja, wanda ake sa wa launi, fari, wanda ba a sa masa, da rumuzu, wanda ba a tsoma shi cikin labu sai dai a shafe shi da mai da kayan yaji. Hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da dama, ta yi wa kilishin Nijar rajistar asali, kuma wannan girmamawa ce da ta dace da aikin da Sarkin Fawa da mutanensa suka riƙe tun kaka da kakanni.

Fasahar ado ba a rataye ta a bango don 'yan kallo, a jikin kayan amfani take zaune. Dukawa suna rina fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna saboda laushi da ƙarfi, su ɗinka layu da kube da titimi da kayan doki. Babban wurin baje kolin kuwa shi ne ɗakin amarya, inda 'yan'uwanta mata ke yin jere, wato tsara ƙore masu zane da faya-faye da kwanonin sha da tasoshi hawa-hawa, kuma masaniyar tarihi Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi cewa waɗannan kaya ma'auni ne na darajar mace da yawan mutanen da ke bayanta.

Gyaran jikin maza yana hannun wanzami, wanda ke yawo da zabira, wato jakar fata mai aljihuna da yake zuba asake da ƙahoni a ciki. Bayan aski da gyaran fuska, yana yin ƙaho ga mai fama da ciwon baya ko nauyin jiki: yakan kafa ƙahon saniya a fata, ya zuƙe iskar ta ƙaramar huda da ke tsininsa, ya toshe, sannan ya cire ya yi 'yan tsage-tsage ya sake kafawa don jini ya taru. Manoma sukan nemi wannan bayan wahalar damina, kuma zaman da ake yi a inuwa ana hira da wanzami yana cikin abin da ke kawo sauƙin. Sai dai aska ɗaya ga mutane da yawa hanya ce ta yaɗa cututtukan jini irin su ciwon hanta, haka kuma cire belun jarirai yana jawo zubar jini, don haka wanzamin da ya koma amfani da sabuwar reza ga kowane mutum ya kyautata wa sana'arsa.

Na mata ya fi tsawo da tsari, kuma aure da haihuwa ne manyan lokutansa. Amarya takan shiga lalle kwanaki kafin a kai ta, a kwaɓa garin ganyen a ƙunsa mata a ƙafa, a da kuma a zura hannunta cikin zunguru, wanda dogon ƙoƙo ne da ke riƙe lallen har ya kama. Daga baya dilka da halawa suka shigo daga Sudan ta hanyar Cadi da Barno: dilka haɗi ne da ake murje fata da shi don ta yi santsi, galibi tare da kurkur, halawa kuwa dafaffen sukari ne da lemun tsami da ake cire gashin jiki da shi, sai a biyo da turaren wuta da humra da kitso. Mai jego kuma takan yi wankan tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko na tsamiya safe da yamma har kwana 40, tana shan kunun kanwa, tsohuwa tana gasa mata jiki. Binciken likitoci a Zariya cikin shekarun 1970 ya danganta yawan zafin da yawan kanwar da ciwon zuciya na bayan haihuwa, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke jan hankali a sassauta zafin ruwan a kuma rage kanwar, ba tare da an hana mai jego hutun arba'in da kulawar danginta ba.