Baje Kolin Wiwi A Ƙasashen Turawa: A Yi Hattara Da Cinikin Biri A Sama

Kwanakin baya wani ɗan 'yar'uwata da ke sayar da kayan gyaran mota a Kumasi ya same ni da wayarsa a hannu, bakinsa har kunne. Ya ce, "Kawu, duba wannan, arziki ya zo har gida." Da na duba sai na ga takardar gayyata ce zuwa wani baje kolin wiwi a Turai, an ƙawata ta da koren ganye da hoton wani makeken zaure cike da Turawa. An rubuta cewa dubban 'yan kasuwa za su hallara, masu zuba jari na neman abokan hulɗa daga Afirka, kuma duk wanda ya biya kuɗin rajista kafin ƙarshen mako za a aiko masa da wasiƙar neman biza. Yaron nan har ya fara maganar sayar da filin da ya gada.

Kada mai karatu ya ce ai abin dariya ne, wa zai baje kolin wiwi a bainar jama'a. Ana yi, kuma kasuwa ce babba. Wanda ya fi suna shi ne MJBizCon, wanda aka fara a birnin Denver na Amurka a 2012, daga baya ya koma Las Vegas, inda mutane dubbai kan hallara kowace shekara. A farkon 2022 wani kamfanin shirya baje koli mai suna Emerald ya saye shi tare da jaridarsa a kan dala miliyan 120. A Sifen akwai Spannabis, wanda ya yi shekaru yana ci a gefen Barcelona har zuwa 2025, a Jamus akwai Mary Jane ta birnin Berlin tun 2016. Afirka ta Kudu ma ta yi nata na farko a Pretoria a ƙarshen 2018, watanni kaɗan bayan kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce ba laifi ba ne baligi ya sha wiwi a cikin gidansa. Abin da ake bajewa a irin wuraren nan yawanci fitilun noma ne, da taki, da injinan tatsar mai, da kwalabe da kwalaye, sai lauyoyi da akantoci masu neman aiki.

To me ya kawo maganar zangonmu? Doka ce. A 2020 Majalisar Dokokin Ghana ta zartar da dokar da ta kafa hukumar NACOC, kuma sashe na 43 ya ba Ministan Cikin Gida ikon ba da lasisin noman wiwin da sinadarin THC, wato abin da ke sa maye, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, don masana'antu da magani. A watan Yulin 2022 Kotun Ƙoli ta soke sashen saboda ba a bi ƙa'idar majalisa wajen shigar da shi ba, majalisa kuma ta sake maido shi a watan Yulin 2023. Wannan irin wiwin ya fi kusa da rama a wajen amfani: a yi igiya da tufa da ɓawonsa, a tatsi mai daga 'ya'yansa. Wiwin da samari ke zuƙa a bayan tasha yana nan a haramcinsa. Amma tun da labarin ya bazu, kunnuwa da yawa abin da suka ji shi ne "an halatta wiwi", 'yan talla kuwa sun san haka.

Wayon farko yana cikin ƙidaya. Idan takarda ta ce mutum dubu kaza sun halarta bara, sai a tambaya yaya aka ƙirga. Wasu kan ƙirga shiga ne, ba mutum ba. Wanda ya zo kwana uku ya zama mutum uku, in ya fita cin abinci ya dawo ya zama huɗu. Wasu kan haɗa da ma'aikatan rumfuna, da masu gadi, da 'yan jarida, da waɗanda suka yi rajistar kyauta ta intanet ba su ko taka ƙofar ba. Ga mai rumfa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ya biya kuɗin wuri, da jirgi, da masauki, da dakon kaya, bisa zaton masu saye zai tarar, sai ya wuni yana kallon 'yan yawon buɗe ido masu tara hula da jakar kyauta. Duk wanda ya taɓa kama rumfa a baje kolin Kaduna ya san bambancin mai taya kaya da mai cika waje. Akwai ƙungiyar masu shirya baje koli ta duniya, UFI, wadda aka kafa a 1925, ofishinta na Faris. Ba ta ba taro hatiminta sai wani mai bincike na waje ya tantance alƙalumansa, kuma tana raba adadin mutane da adadin shiga. Taron da ba zai faɗi wanda ya ƙirga masa ba, ni dai ina raba adadinsa biyu kafin in fara tunani.

Haka ma sunayen masu jawabi. A wurare da dama wanda aka kira "ƙwararre" ya sayi mumbarin ne a cikin kuɗin ɗaukar nauyi, jawabinsa kuma tallan hajarsa ne. Lambar yabon ma wani lokaci sai ka biya kafin a sa ka a takara.

Wani lokacin kuma doka ce ke sauya taron bayan an gama sayar da tikiti. A watan Nuwamban 2016 jama'ar jihar Nevada suka kaɗa ƙuri'ar halatta wiwi, sai mujallar High Times ta shirya gasarta ta Cannabis Cup a watan Maris na 2017 a ƙasar ƙabilar Moapa Paiute, arewa da Las Vegas. Ana saura 'yan kwanaki sai labari ya fito cewa lauyan gwamnatin tarayya na jihar ya rubuta wa shugabannin ƙabilar cewa dokar tarayya na aiki a ƙasarsu. Aka yi taron wiwi, amma an hana sha da sayar da wiwi a cikinsa. Mutanen da suka taso daga nesa sun riga sun kashe kuɗinsu.

Mafi muni shi ne wanda ya shigo da rigar mutunci. Daga 2020 wani kamfani mai suna JuicyFields ya riƙa bayyana a manyan tarurrukan wiwi na Turai da ƙawatattun rumfuna da motocin alfarma. Cewa yake ka zuba ko da yuro 50 ta intanet, a noma maka wiwin magani a wata gona da ba ka taɓa gani ba, a sayar, kuɗinka ya ninka cikin shekara. Na farko sun karɓi riba, suka jawo 'yan'uwa da abokai. Ashe kuɗin na baya ake biyan na gaba da shi. A watan Yulin 2022 aka rufe hanyar cire kuɗi. A watan Afrilun 2024 hukumar 'yan sandan Turai, Europol, ta sanar da kama mutum 9, ta ce kimanin mutum 186,000 ne suka zuba kuɗi, asarar kuwa ta kai yuro miliyan 645. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da yawansu sun ce ai sun ga kamfanin a baje koli da idonsu. Mu kan ce gani ya kori ji, amma abin da suka gani rumfa ce, rumfa kuwa duk mai kuɗin haya ana ba shi. Masu shirya taro fili suke sayarwa, ba su tsaya wa kowa shaida ba.

Akwai kuma ƙananan kuraye da ke bin bayan kowane irin baje koli. Da ka yi rajista sai saƙonni su fara shigowa: ga jerin sunayen duk mahalarta na sayarwa, ga masauki mai rahusa amma a biya yau. Wata tsohuwar dabara ita ce takardar da ke cewa ka gyara adireshinka a littafin taron, ka sa hannu. Can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe ka amince ke nan da biyan kuɗi shekara uku ga wani kamfanin da ba ruwansa da taron. A 2013 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta kai masu irin wannan takarda da ake kira Fair Guide kotu.

Sai maganar biza, wadda ita ce ainihin abin da ya ja hankalin yarona, ko da bai faɗa ba. Wasiƙar gayyata ba biza ba ce, ofishin jakadanci ne ke bayarwa ko ya hana, kuma kuɗin rajista ba ya dawowa. A Amurka ma wasiƙar tana iya zame wa mutum ƙaya. A watan Nuwamban 2018, wata guda bayan Kanada ta halatta wiwi, jami'an kan iyakar Amurka suka hana wani mai zuba jari ɗan Kanada shiga ƙasar har iya rayuwarsa, yana kan hanyarsa ta zuwa taron Las Vegas. A 2019 hukumar shige da fice ta ƙasar ta bayyana cewa aiki a harkar wiwi na iya hana baƙo zama ɗan ƙasa, ko da jihar da yake ciki ta halatta. In an yi wa maƙwabci haka, ina ga mai fasfon Afirka ta Yamma? Wanda kuma ya dawo da kwalbar mai ko ƙunshin iri a jaka ya biyo ta Kano, ko Yamai, ko Douala, ba zai kare kansa da cewa kyautar baje koli ce ba.

Na zaunar da yaron muka bi takardar layi layi. Mun nemi sunan zauren da aka ce za a yi taron, muka shiga shafin zauren kansa, muka duba jadawalinsa na watan: babu taron. Muka zaɓi kamfanoni uku daga cikin waɗanda aka jera tambarinsu muka rubuta musu. Biyu ba su amsa ba, na ukun ya ce bai taɓa jin sunan taron ba. Asusun da aka ce a tura kuɗin ma na mutum ɗaya ne, a wata ƙasa dabam da wadda za a yi taron.

Ya yi shiru, can ya ce, "To Kawu, in na gasken ne fa, in je?" Na ce masa ya fara zuwa Akra, ya ji daga bakin hukuma abin da ake bukata kafin a ba mutum lasisi, da nawa zai ci, sannan ya nemo wanda zai sayi amfanin in ya noma, tunda a ƙasar nan ba a ga masaƙar da ke jiran ɓawonsa a bakin ƙofa ba. Ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Takardun filin dai na karɓa na ajiye a wurina.