Lady and the Tramp: Fim Ɗin Da Ya Kalli Duniya Daga Tsayin Kare

A watan Yunin 1955 kamfanin Walt Disney ya fito da Lady and the Tramp, dogon fim ɗin zane na farko da aka yi da faffaɗan allon CinemaScope. Har yau in ka tambayi wanda ya kalle shi abin da ya fi tunawa, taliya zai ce maka. Karnuka biyu a lungun bayan gidan abincin Tony, sun kama silin taliya guda ba su sani ba, kowa yana zuƙa har bakunansu suka haɗu, sannan Tramp ya gangara wa Lady dunƙulen naman da ya rage da hancinsa. Walt Disney da kansa ya so a cire wurin, don yana ganin karnuka na cin taliya ba zai yi kyan gani ba. Sai da mai zane Frank Thomas ya zana shi, Walt ya gani da idonsa, sannan ya sauko.

Wurin ya cancanci sunan da ya yi. Amma a ganina ƙarfin fim ɗin yana can ƙasa, daidai tsayin kare, inda masu zanen suka ajiye idon mai kallo. Galibin lokaci ƙafafun mutane muke gani, da gefen siket, da ƙasan tebur. Ko ainihin sunayen masu gidan ba mu sani ba, sai sunayen so da Lady ke ji suna kiran juna da su. Tushen labarin ma daga nan yake: tun 1937 mai zane Joe Grant ya lura da yadda aka mayar da karyarsa gefe bayan an yi haihuwa a gidansa. Tramp kuwa daga wani gajeren labarin Ward Greene aka tsamo shi, wanda mujallar Cosmopolitan ta buga a 1945.

Da zarar ka sauko wannan tsayi, sai ka ga abin da ya raba masoyan nan bai wuce abin wuya da ɗan ƙarfen lasin da ke lilo a jikinsa ba. Lady 'yar unguwar masu hali ce a wani ƙaramin garin Amurka na 1909, Tramp kuma a bakin tashar jirgin ƙasa yake kwana. Ranar da aka kama Lady aka kulle a gidan tsare karnukan da ba su da iyayengiji, ɗan ƙarfen nan ne ya fito da ita. Tana ciki aka ja wani kare mai suna Nutsy zuwa ƙofar da ba a dawowa, yana tafe yana kaɗa wutsiya, bai san inda za a kai shi ba. Inuwarsa kawai aka nuna mana a bango. Ban san wani fim ɗin yara da ya nuna bambancin mai gata da marar gata da irin wannan nauyi ba. Tramp ma, bayan ya kashe ɓeran da ya shiga ɗakin jariri, keken dokin masu kama karnuka aka jefa shi, domin babu mai tsaya masa.

Fim ɗin yana da tabo. An zana kyanwoyi biyu na wata Anti Sarah da kamanni da karin maganar da ke muzanta mutanen Asiya, shi ya sa aka sauya waƙarsu a sabon fim ɗin 2019. Mawaƙiya Peggy Lee, wadda ta yi muryar kyanwoyin da ta wata karya mai suna Peg, ta kuma rubuta waƙoƙin tare da Sonny Burke, sai da ta maka Disney a kotu a 1988 kan kuɗin kaset ɗin bidiyo. A 1991 aka yanke a biya ta dala miliyan 2.3, tana da shekara 70 a duniya.