Hawan Farko: Inda Ya Dace a Fara Ɗora Yaro Kan Doki a Dutsin-Ma da Kurfi

Da zarar azumi ya raba tsakiya, masu dawaki a Dutsin-Ma da Kurfi sukan fara ganin baƙin fuska a bakin barga. Yawanci iyaye ne maza, kowa da buƙata iri ɗaya: a ba shi hayar doki ranar Sallah, a yi masa ado, ya ɗora ɗansa ɗan shekara biyu ko uku a ɗauki hoto. An riga an kai wa tela ɗinkin 'yar riga, an sayi ɗan rawani, har an yi wa kaka alkawarin za a biyo da angon nata ta ƙofar gida ta gan shi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko yaron ya taɓa tsayawa kusa da doki, balle ya hau.

Sha'awar ba daga sama ta faɗo ba. A ƙasar Katsina doki da sarauta tare suke tafiya. Hakimin Dutsin-Ma shi ke riƙe da sarautar 'Yandakan Katsina, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, na Kurfi kuma shi ne Maraɗin Katsina, kuma duk wanda ya taɓa kallon Hawan Sallah ko Hawan Bariki a birni ya ga yadda tawagar kowane hakimi take wucewa da mahayanta da makaɗanta. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan ƙwallon dawaki a Katsina a shekarun 1920. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da har yau ake ambata in ana zancen wasan a Nijeriya, jikan Dikko, Janar Hassan Usman Katsina, ma ya bi sawu. A Disamban 2024 kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Uban da ya tashi yana ganin wannan, ba a yi masa adalci ba in aka ce kada ya so ɗansa ya hau doki.

Matsalar ita ce ranar da ake zaɓa. Babu ranar da ta fi ranar Sallah rashin dacewa da hawan farko, ta fuskar aljihu da ta lafiya duka. Ranar ce kuɗin haya yake tashi, domin masu nema sun fi dawakin yawa, kuma kayan ado ma kuɗinsu daban. Ranar ce dokin da ya yi makonni a turke yana cin dawa da dusa yake fitowa da ƙarfinsa a cike, ga kiɗa, ga algaita, ga ƙarar bindiga, ga samari masu babura suna ratsawa ta kowane lungu. Ko babba gwani sai ya matse cinya. Ga kuma rana: a 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo ne a ƙarshen Maris, daidai lokacin da zafin bazara a wannan yanki yake kai maki 40, kuma yaro cikin riga da rawani ya fi babba saurin galabaita.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan lissafi ba. A Turai, iyalai da yawa sukan tara kuɗi duk shekara don su kai yara tsaunuka lokacin hunturu su koyi sulɓi a kan dusar ƙanƙara. Wanda ya san harkar a cikinsu ba ya kai ɗan ƙaramin yaro wurin da ya fi suna da tsada, domin yaron ba zai mori manyan gangare ba. Yakan nemi ƙaramin wuri mai sauƙin kuɗi, mai ɗan fili da aka killace, da malami mai haƙuri. A Faransa makarantun wannan wasa sukan fara karɓar yara ne daga shekara 3, kuma yawancin darasin farko wasa ne da sabo da takalmin. Dusar ƙanƙara dai babu ita a Kurfi, amma hikimar tana aiki a barga: abin da yaro yake buƙata a karon farko ƙanƙane ne, kuma mai araha.

To, wace barga? Amsar da ta fi sauƙi ita ce wadda take cikin gari, kusa da gida, wadda uba zai iya zuwa da ƙafa da sassafe. Wannan ba don tsimin kuɗin mota kaɗai ba ne. Shekarun nan Dutsin-Ma da Kurfi, tare da maƙwabtansu Safana da Batsari da Ɗanmusa, sun sha fama da 'yan bindiga, saboda haka maganar a fita da ƙaramin yaro bayan gari neman fili ba ta taso ba, ko da kuwa gefen madatsar ruwa ta Zobe na da daɗin iska. Filin makarantar firamare ranar da babu karatu, ko wani kango mai rairayi a cikin unguwa, ya wadatar. Rairayin ne muhimmi. Wanda ya faɗi a kan yashi ya karkaɗe riga ya tashi. Wanda ya faɗi a kan kwalta ko tsakuwa, labarinsa daban ne. Kuma a Dutsin-Ma, garin da sunansa ma dutse ne, sai an duba ƙasa kafin a zaɓi wuri.

Barga tana faɗin halin mai ita tun kafin ya buɗe baki. Uba ya shiga ya tsaya ya duba. Shin an share kashi da fitsari, ko dokin yana tsaye cikin caɓi ƙudaje na binsa? Akwai ruwa a gabansa? Akwai harawa ko ingirici a rataye? In an cire sirdi, bayan dokin lafiyayye ne ko akwai gyambo a inda sirdin yake zama? Wannan na ƙarshe ba don tausayin dabba kaɗai ake dubawa ba. Dokin da bayansa ke ciwo shi ne yake zabura da an ɗora masa nauyi, komai ƙanƙantarsa. Sai kuma a lura da yadda dokin yake yi in ɗan barga ya matso. Wanda ya miƙo wuya yana sunsunar aljihunsa ya saba da hannu mai kyau. Wanda ya kwantar da kunnuwa baya, ya fiddo farin ido, ya juyo da gindi, ya saba da bulala, kuma ba shi da abin da zai koya wa ɗan shekara uku.

A nan ne ido yake yaudarar iyaye. Kowa yana son ingarma, kili ko akawal mai sheƙi, mai taka ƙasa da ƙasaita, don shi ne yake fitowa a hoto. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Dokin da ya dace shi ne ƙuru, ko tsohon doki da ya ga duniya, wanda yara suke wucewa ta gabansa bai ko ɗaga kai ba. A makarantun hawa na ƙasashen waje, ƙananan dawaki da dandaƙaƙƙu ake ba yara, mu kuwa a garuruwanmu yawancin dawakin hawa maza ne da ba a dandaƙe ba, shi ya sa in goɗiya ta gifta ko wani ingarman ya yi haniniya, wanda ake ce masa salihi ma yakan canza. Saboda haka lokacin darasi a tabbata babu wani doki a kusa. Dukushi kuwa, ƙanƙantarsa kada ta ruɗi kowa. Shi ma ɗalibi ne, bai gama sanin linzami ba.

Akwai ma wanda ya fi ƙuru araha, sai dai masu son a gani sukan raina shi: jaki. Yaran ƙauyukan Kurfi da yawa a kan akumari suka fara sanin yadda ake zama a bayan dabba, kan hanyar rafi ko gona. Jaki gajere ne, tafiyarsa a hankali, kuma in ya tsorata ya fi yawan cijewa wuri ɗaya maimakon ya zura da gudu kamar doki. Shi ma yana harbi yana cizo, don haka ba a sakar masa yaro. Abin takaici, jakunan ma sun yi tsada tun da fataucin fatarsu zuwa Sin ya yi ƙamari, har ta kai Tarayyar Afirka ta amince da hana wannan ciniki a Fabrairun 2024. Duk da haka, aron jakin maƙwabci na minti goma bai kai kuɗin hayar sirdi ba.

Darasin kansa ba shi da wani tsawo. Ranar farko ma ba sai an hau ba. Yaro yana saɓe a kafaɗar ubansa, a matso ta gefen kafaɗar dokin, a bar shi ya shafa wuyan, ya ji ɗumin jikin, ya ga yadda leɓen yake tsintar harawa. Ta gefe ake zuwa saboda idanun doki a gefen kansa suke: yana ganin kusan ko'ina, ban da daidai bayansa da daidai ƙasan hancinsa, kuma nan ne tsawon ɗan yaro yake kai shi. Abin da doki bai gani ba ya ji motsinsa, ƙafa yake kai masa. In yaron ya yi kuka ya maƙale wuyan ubansa, shi ke nan, an tashi darasi. Masu cewa a ɗora shi da ƙarfi don ya zama namiji, tsoron da zai daɗe bai bar shi ba suke dasa masa.

In ranar hawa ta zo, mutum biyu ake buƙata, ba ɗaya ba. Ɗan barga yana riƙe da ragama yana ja, uba ko yaya babba yana tafe a gefe, hannunsa a cinyar yaron ko a ƙugunsa, kamar dai yadda zagage suke tafiya a gefen dokin sarki. Tafiya ce ta taku ɗai-ɗai, zagaye biyu ko uku, minti biyar zuwa goma, a sauke shi tun yana marmarin ƙari. Ba sassarfa, balle sukuwa.

Abubuwa biyu na kayan dokinmu suna buƙatar a tsaya a kansu. Na farko linzami. Linzamin gargajiya mai zobe yana da zafi ƙwarai a bakin doki, da shi ne mahaya suke yin zamiya su tsayar da doki cak a gaban sarki. Yaron da ya tsorata abin da ke hannunsa yake fizga, in kuwa linzami ne, dokin na iya yin tabariya ya miƙe da ƙafafun baya. Don haka kada a ba shi linzami. Ya riƙe gaban sirdi ko geza. Na biyu likkafa. An ƙera ta ne don ƙafar babba, ƙafar yaro kuwa tana iya zarcewa ciki ta maƙale, in ya zame dokin ya ja shi a ƙasa. Gara a cire likkafun gaba ɗaya ko a naɗe su sama. Haka nan dabarar da wasu suke yi ta ɗaure yaro a jikin sirdi da rawani ko gyale don kada ya faɗi, ita ce mafi haɗari duka: in doki ya zura ko ya faɗi, babu mai iya fizge yaron.

Sai kai. Kan ƙaramin yaro ya fi girma da nauyi in aka gwada da sauran jikinsa, shi ya sa in ya faɗo kan ne yake riga isa ƙasa, kuma bayan doki ya ɗara mita ɗaya nesa da ƙasa. Raunin kai shi ne kan gaba wajen kashe mahaya a ko'ina. Rawani ado ne, ba ya tare komai. Hular kwano ta hawan doki ita ce daidai, in ba a samu ba, ta keken yara da ta zauna daram a kansa, aka ɗaure maɗaurinta a haɓa, ta fi babu nesa ba kusa ba. Ta babur ta manya ba ta yi ba, nauyinta ya fi ƙarfin wuyansa. In aka yi rashin sa'a ya faɗo, ya yi amai, ko barci ya rinjaye shi ba lokacinsa ba, ko ya daina gane mutane, ba a tsaya shafa man zafi ba, asibiti za a nufa nan take. Akwai babban asibiti a Dutsin-Ma, abin da ya fi ƙarfinsu kuma su tura Katsina.

Uwa ma tana da nata binciken, kuma a cikin jakarta yake: katin rigakafi. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, musamman na doki, kuma ɗan ƙaramin rauni ya ishe ta shiga. Allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14 tana ɗauke da rigakafinta, kuma kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Yaron da bai cika ta ba, a cika masa kafin ya taka barga, kuma ya je da takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Maganar kuɗi kuwa, a yi ta tun farko, a fili. Gara a shirya da mai doki a kan zuwa sau da yawa na ɗan gajeren lokaci, a ranakun da ba kowa ke nema ba, da a biya kuɗin wuni guda. Masu dawaki da yawa dama sukan fitar da su motsa ƙafa da safe ko da la'asar sakaliya, kuma ga wanda ya san tsadar harawa da dusa a ƙarshen rani, wani lokaci ɗaurin harawa ko kwanon dawa ya fi masa daɗin karɓa. Ɗan bargan da ke jan ragama shi ma a ba shi nasa a hannunsa, domin natsuwarsa ce ake saye. In maƙwabta biyu ko uku suka haɗa yaransu, kowa ya jira layinsa daga nesa, kuɗin ya ƙara sauƙi. Abin da ba a shiga da yaro ko kyauta ne shi ne kilisar samari da hawan angwanci a kan titi, irin wanda 'yan sanda a Kano suka sha hanawa saboda ɓarnar da yake jawowa.

Hoton Sallah bai gagara ba. Yaron da ya yi wata biyu yana zuwa barga, ana iya ɗora shi da safe a ƙofar gida, doki a tsaye, ragama a hannun wanda ya sani, uba a gefe, a ɗauka a sauke shi kafin makaɗa su iso. Uban da yake da wannan niyya bana, ya je ya ga mai dokin tun kafin watan azumi ya kama, kuma ya tafi da hular kwanon a hannunsa.